Rabon abinci a Kolombo, babu wawaso

Mutanen Jos ina gaisuwa, ya sanyi? Masu damuna da tambayar ya Sirilanka take, to ga kaɗan daga birninta na Kolombo.

Kowane wata idan ya cika, wato daren sha huɗu, hutu ne a ƙasar nan, Poya suke ce masa, domin wajen kashi 70 cikin ɗari na mutanen mabiya addinin Buddha ne. Ranar ba a sayar da giya, wannan kam ba ruwana, amma har mahauta rufewa suke, ka fito da kuɗinka kana son nama ka koma gida haka nan. Abin yana ban haushi wallahi.

Babbar cikinsu ita ce Vesak a watan Mayu. Gari ya cika da fitilun takarda, ko'ina an kafa rumfuna ana rabon abinci kyauta, dansala kenan. Samari ne tsaye bakin titi da tuta suna tare motoci, ni na ɗauka 'yan karɓar haraji ne irin namu, mai keken da ya ɗauko ni ya faka ya ce in sauko. Shinkafa aka zuba min da miyar wani ƙaramin wake da suke kira parippu, kafin malamai su taso min, babu nama ciki. Na zaro kuɗi, yaron ya ja da baya kamar na zage shi, shi ne ma yake min godiya wai na ci. A layin nan ga mai Prado ya ajiye motarsa da matarsa da yara, ga mai shara a bayansa, kowa da faranti yana jiran a zo kansa, ba turereniya ba mai dukan wani da dorina, gaba kaɗan ana raba askirim, can kuma shayi. Kuma sai an yi wa rumfa rajista wajen duba-gari kafin a ɗora tukunya.

Mu fa ba a fi mu kyauta ba, duk wanda ya sha ruwa da azumi a masallatan Bauchi Road ko Anguwar Rogo ya sani. Amma mai hali a wajenmu ya shiga layin sadaka? Gobe an kai shi gari wai ya karye. Mai rabon kuma sai ya kira mai kyamara tukuna, a jefa leda sama a bar yara suna kokawa a ƙasa.

Musulmi a nan Sirilanka kusan kashi 10 ne, da azumi masallatai na raba kanji, kunun shinkafa ne mai kwakwa, ba laifi amma bai kama ƙafar kunun gyaɗa ba. Kwakwar nan dai ta ishe ni, miya kwakwa, waina kwakwa, manja kuwa ko na ɗanɗane ban gani ba. Ganyen shayinsu kam sai dai a sara musu, musamman na Nuwara Eliya inda sanyi ya fi na Jos. Duk mai tahowa don Allah ya riƙo min daddawa da yajin tsire da acca ko mudu ɗaya ne.