Mai gandun da ta ƙi karɓar kuɗinmu

Masu tambayar aikin da nake yi a jihar Ohio ta Amurka, ina bin wani ɗan kwangila ne mai gyaran harabar gidaje. Kasuwar dashe a nan da kaka take ci, daga Satumba zuwa Nuwamba. Iska ta yi sanyi amma ƙasa da sauran ɗuminta, sai saiwa ta kama kafin ƙasar ta daskare.

A watan Oktoba maigidana ya aike ni gandun da muke sarin dashe. Matar da ke wurin ta duba takardar, ta ce komai za ta ba mu, ban da itacen da suke kira oak. Ba ciniki take ja ba. Ta ce irinsa in aka haƙo shi da kaka saiwarsa ba ta saurin tohowa, yakan mutu, mu dawo watan Maris ko mu ɗauki na cikin roba. Ga kuɗi a hannu, ga itace tsaye a gonarta, mace ta ce a'a! Wallahi har muka gama lodi ina jinjina abin.

Mu fa a gida? Mai saida dashe a bakin titi zai miƙo maka mangwaro a ledar fiya wata, ya rantse mai aure ne. Sai ka yi shekaru kana ban ruwa, ya haifo maka mai tsiya-tsiya, duk zare. Wa za ka kama? A nan kowane dashe da takardar sunansa a wuya, kuma kwangilarmu ta ce in ya mutu cikin shekara guda mu za mu sake wani. Ba irin dashen bikin damina ba, da manya za su ɗau hoto, awaki su ƙarasa aikin.

Kada ku ce aljanna ce. Itacen da kaurinsa bai wuce inci 2 ba sai ka ji ɗaruruwan daloli, kuma da curin ƙasarsa ake kawo shi, ɗaure cikin algarara, ya fi buhun masara nauyi. Ba ka isa ka haƙa rami ba sai ka kira lambar waya 811, ka jira a zo a shata inda bututun gas da wayoyi suka bi. Yatsu kuwa sun sha sanyi.

Abin da ya fi ba ni haushi, yawancin abin da muke dasawa ba ya 'ya'yan ci, kuma ban taɓa ganin an shimfiɗa tabarma a gindinsa ba. Darbejiya ɗaya a ƙofar gidanmu ta fi su tara mutane.