Gargaɗi: masu tallar tsohuwar mota da sabon agogon awa

Assalamu alaikum jama'a. A yi hattara da wasu mutum biyu da ke yawo a garuruwan da ke tsakanin Wudil, Gaya da Dutse. Ɗaya dillali ne, ɗayan kuma ya ce gyaran wayar mota ce sana'arsa. Hajarsu tsohuwar Peugeot 504 ce mai ƙofa biyu, an yi mata sabon fenti ja.

Motar dai abar sha'awa ce. Ba irin mai ƙofa huɗun nan ba ce da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Wata mai ƙofa biyu irinta mai silinda shida ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1978. Dillalin ya haddace wannan tarihin, da shi yake buɗe ciniki. Sai ya kai yatsa kan wani ɗan agogo da aka liƙa a ƙarƙashin sitiyari, ya ce ka duba da idonka, Alhaji, awa ɗari biyu da 'yan kai injin nan ya yi tun da aka ƙera shi, mai ita a gareji ya kulle ta. Wani ɗan kasuwa a garinmu ya ba da kafin alƙalami a kan wannan maganar. Da ya kai bakanikensa washegari aka ga injin yana shan baƙin mai, hayaƙi shuɗi na fita ta salansa. Ya nemi kuɗinsa, suka ce ciniki ya faɗa, zuwa yamma sun bar gari da motar.

Agogon awa, wato mai ƙirga awannin da inji ya yi yana aiki, ba ya sanin abin da ya wuce kafin a ɗaura shi. Daga sifili yake farawa ranar da aka haɗa masa wuta, ko da injin ya shekara arba'in yana aiki. Motocin wancan zamanin ba su da kwamfutar da ke ajiye lissafi, balle agogon ya karanto daga cikinta. Waya biyu ce kawai, ɗaya ta wuta ɗaya ta jikin mota. In a makulli aka haɗa shi, zai riƙa ƙirga ko inji a kashe yake muddin makullin na buɗe. In aka zare waya ɗaya kuwa, ka je Legas ka dawo ba zai motsa ba. Masu aikin kirki ta na'urar matsin baƙin mai suke bi da wayar, don ya ƙirga lokacin da inji ke juyawa kaɗai. Akwai kuma wanda ake naɗe wayarsa a jikin wayar fulogi, shi wannan ba ruwansa da injin dizal, tunda babu fulogi. Duk da haka mai gyaran wayar nan ya sayar wa wani manomi shi, wai ya sa a tarakta!

Ma'aunin kilomita ma kada ya ruɗe ku. A tsofaffin motoci da yawa lamba biyar gare shi, in ya kai 99,999 sai ya koma sifili.

Mai sayen bijimi a kasuwar Wudil haƙora yake buɗewa ya duba, ba ya tambayar dillali shekaru. To, ku je da bakanikenku. A tayar da injin da sanyin safiya kafin ya ɗumama, a cire fulogi a ga ko mai ya jiƙa su, a auna ƙarfin matsin kowace silinda. Ku leƙa bayan agogon ma: sabuwar waya da sabon salatif a cikin tsofaffin wayoyi masu ƙura sun isa shaida.

Na ji yanzu sun koma bin masu janareta da injin ban ruwa a fadama. Wanda ya gan su ya sanar da mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, ɗan kasuwar nan har yau yana neman kuɗinsa.