Gargaɗi: ku kiyayi dillalan "Scopus cikin sati biyu", ni sun riga sun ci ni

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ƙananan lakcarori da ɗaliban masta da PhD na ɓangaren makanikal. Na daɗe ina jin nauyin rubuta wannan, don a garin nan wanda aka damfara ake yi wa dariya ba ɓarawon ba, amma jiya na sake ganin tallar mutumin da ya damfare ni da alƙawarin buga min maƙala a mujallar da ke cikin Scopus (wato rumbun intanet da ke lissafa mujallun bincike da aka tantance) a wani gurup na WhatsApp da sabuwar lamba da sabon hoto, sai na ce to shirun ya isa haka.

Aikina a kan injin ɓarar gyaɗa ne. Kusan shekara guda ina wakshof, da ni da mai walda, muna canza tazarar da ke tsakanin ganga da rariya, muna canza gudun juyi, mu jiƙa gyaɗa mu shanya don a samu danshi daban-daban, sannan in zauna a tabarma ina tsince ƙwayar da ta fashe da wadda ta fita lafiya ina aunawa a sikeli. Duk wanda ya taɓa irin wannan gwajin ya san ciwon bayan da ke ciki. Na gama, na rubuta maƙala, ga lokacin miƙa takardun ƙarin girma ya matso, saura maƙala ɗaya tak nake nema a mujallar waje. A daidai wannan gaɓar suke kama mutum wallahi, kamar sun san kalandar makarantu.

Mutumin ya fara min magana ta bayan fage. "Barka da aiki Injiniya, na ga kamar kana neman inda za ka buga." Ladabi kamar me, kowane saƙo da ranka ya daɗe. Ya turo sunan mujalla, ya turo lambar ISSN, wato lambar shaidar mujallar, ya ce in je in duba da kaina a Scopus kada in yarda da maganarsa. Na je na duba, sunan yana nan, lambar ma daidai, kuma wannan abin da ya sa na saki jiki shi ne ainihin tarkon, don mujallar ta gaske ce amma shafin da ya turo min ba nata ba ne. Sun ɗauki sunanta da lambarta da hoton bangonta sun gina wani shafi daban, bambancin adireshin bai wuce kalma ɗaya ba. Kamar dai a kwafi kwalin magani a zuba garin alli a ciki.

Ya ce kada in wahalar da kaina da rajista, in turo masa fayil ɗin kawai ta WhatsApp shi zai shigar. Kwana huɗu sai ga takardar amincewa, da tambari da sa hannu da hatimi ja. Bayanin masu bita, wato masanan da ke tantance maƙala kafin a buga, layi biyu ne, wai aikin yana da kyau ƙwarai, a gyara jerin manazarta. Shi ke nan. Ni kuma maimakon gabana ya faɗi sai na ji daɗi, har na nuna wa maiɗakina. Na tura N280,000 asusun wani mutum, sunan mutum fa ba sunan kamfani ba, ya ce ai shi ne wakilinsu na Afirka saboda matsalar canjin dala. Kuɗin nan rabi adashe ne rabi bashi.

Ranar da abin ya fito na buɗe, lissafin da na jera a shafi na huɗu duk alamomin sun koma akwati-akwati, zanen injin an matse shi har ba a karanta ma'aunai. Maƙalar da ke gaban tawa a kan jinyar masu ciwon suga ce, ta bayanta kuma a kan bashin banki, a mujallar da aka ce ta injiniyan makanikal ce! Duk da haka na danne zuciyata na buga a takarda na kai wa wani farfesa a sashenmu. Ya sa tabarau, bai yi minti biyu ba ya ɗora yatsa a tebur na uku ya ce, "Malam, injin naka ya ɓare gyaɗa 104 cikin 100? Ragowar huɗun daga gonar wa ya samo?" Kuskurena ne, na raba da nauyin da ba shi ba a layi ɗaya. Ya cire tabarau ya ce babu mai bita na gaske a duniya da zai bar wannan ya wuce, ko ɗan aji uku zai gani, wannan takardar ba wanda ya karanta ta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Shi ya zaunar da ni ya nuna min yadda abin yake a wajen masu gaskiya. Mujallun ƙungiyar injiniyoyin makanikal ta Amurka wato ASME, wadda aka kafa tun 1880, ko na takwararta ta Ingila IMechE da kamfanin SAGE ke bugawa, ko na kamfanonin Elsevier da Springer, duk kai da kanka kake buɗe akawun a manhajarsu, da yawa Editorial Manager ko ScholarOne suke amfani da shi, ka bi tsarin rubutun da suka gindaya, ka ɗora maƙala da zane-zane da wasiƙar gabatarwa, ka tabbatar musu ba ka tura ta wani wuri ba. Edita zai iya maido maka ita cikin 'yan kwanaki ya ce ba ta dace da su ba, wannan ne kawai amsar da ke zuwa da sauri. In ta wuce nan sai ta tafi wajen masu bita, galibi biyu ko fiye, a yi watanni, su dawo da tambayoyi masu zafi: sau nawa ka maimaita gwajin, ina kuskuren ma'auni, wane irin gyaɗa, me ya sa ba ka gwada da injin da ake da shi a kasuwa ba. Ka amsa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ka koma wakshof. Kuma abin da da yawanmu ba mu sani ba, mujallu masu yawa na waɗannan manyan kamfanoni ba sa karɓar ko sisi daga marubuci in ka zaɓi hanyar da mai karatu ne ke biya. Inda ake biya kuma sai bayan an amince, da takardar kuɗi daga kamfanin, ba asusun wani ɗan tsakiya ba.

Daga baya da na zauna na yi ta karance-karance sai na ga ashe tsohuwar sana'a ce. Wani ma'aikacin laburare a jami'ar Colorado da ke Denver, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tara sunayen irin waɗannan mawallafa kafin ya sauke jerin a farkon 2017. A 2013 wani ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar bogi mai cike da kurakurai da gangan ya tura wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa, mujallar Science ta buga labarin. A 2019 kotu a Amurka ta yanke wa kamfanin OMICS na Hyderabad a Indiya biyan sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta. Ko manya ba su tsira ba, kamfanin buga mujallu na Hindawi da kamfanin Wiley ya saya a 2021 sai da aka janye maƙalu sama da 8,000 daga mujallunsa a 2023 saboda masu sayar da rubutun bogi sun cika su. Irin wadda ta same ni kuwa, satar sunan mujalla, ta yi yawan da wata mai bincike Anna Abalkina tare da shafin Retraction Watch mai bibiyar maƙalun da aka janye suka buɗe jeri na musamman a 2022, kyauta ne kowa zai iya dubawa, kuma a ƙarshen 2023 Scopus da kanta ta cire adireshin shafukan mujallu daga wajenta bayan an gano wasu suna kai mutane gidan ɓarayi. Da na san da jerin nan minti biyar ya ishe ni.

Saboda haka ganin suna a Scopus bai wadatar ba, ni shaida ne. Ka nemi mujallar ta shafin kamfani ko ƙungiya ko jami'ar da ke buga ta, kada ka taɓa bin linkin da aka turo maka. Ka ɗauki maƙala biyu ko uku daga fitowarsu ta baya-bayan nan ka gani ko suna Scopus ɗin da gaske, ka duba ko mujallar tana cikin waɗanda aka daina lissafawa, don akwai waɗanda aka kora amma har gobe suna manna tambarin. Ka ɗauki sunan edita ɗaya ka nemo shi a shafin jami'arsa ka ga ko ya ambaci mujallar, imel ma za ka iya yi masa, da yawa ba su san an sa sunansu ba. Batun lambar tasiri (impact factor, ma'aunin yawan ambaton maƙalun mujalla) da suke rubutawa ɓaro-ɓaro kuma, ta gaske kamfanin Clarivate mai Web of Science ne kaɗai ke fitar da ita, Scopus nata CiteScore ne, in ka ga wata daga wata cibiya da ba ka taɓa ji ba to sayo ta aka yi. Lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, ka liƙa ta a doi.org ka ga inda za ta kai ka, tawa ba ta kai ko'ina ba, amma fa ko ta buɗe ba hujja ba ce, 'yan damfara ma suna iya mallakarta.

Kuma don Allah mu daina raina namu na gida. Akwai mujallun tsangayoyin injiniya na jami'o'inmu, irin Nigerian Journal of Technology ta Nsukka, da wasu da ke kan AJOL, shafin da ke tattara mujallun Afirka, za su ja ka watanni su dame ka da gyara, amma mutum ne mai ido ya karanta. Ni son a ce "mujallar waje" ne ya rufe min ido, kuma a gaskiya tsarin ƙidaya maƙala kamar ana ƙidaya buhu shi ma yana da laifi, shi ke tura mutane hannun waɗannan.

Kuɗin ba su ne suka fi min ciwo ba. Kwamitin tantancewa bai lissafa maƙalar ba, wannan ɗaya. Na biyu, ba zan iya tura ta wata mujalla ba, don tana nan a intanet da sunana, duk editan da ya saka ta a Turnitin, manhajar gano kwafen rubutu, ko makamancinsa zai ga an riga an buga. Na rubuta musu in janye, suka ce sai na biya kuɗin janyewa dala 200. Na koma wajen mutumin, wanda da yake kirana Injiniya ranka ya daɗe, na ce ka cuce ni, ya ce "Malam ai an buga maka, me kuma kake so", daga nan ya yi blokin ɗina. Na kai ƙara banki da shaidar tura kuɗi, na cike fom, har yau jira nake.

Tallarsa ta jiya ma ta ci gaba, yanzu har gurbin suna yake sayarwa, wai akwai maƙala a kan walda da an riga an amince da ita, marubuci na biyu kaza, na uku kaza, na huɗu da rangwame. Mutum goma sha ɗaya na ƙirga sun rubuta masa suna so kafin admin ya goge. In kana cikinsu kuma ba ka tura kuɗi ba tukuna, ka tsaya haka nan. Ni dai na sayo sabon buhun gyaɗa, ranar Litinin zan koma wakshof in sake gwajin daga farko da wata rariyar daban.