Bitar wasa da zane da aka ɗauko mana a wurin aiki

Mu goma sha huɗu ne a wurin aikinmu, muna kai kayan masarufi shaguna daga Kano zuwa Jigawa da Katsina. Wata biyu ke nan da manaja ya ɗauko mana masu bitar nan ta yini ɗaya da ake tallatawa a Facebook, masu koyar da haɗin kai da wasanni da zane. Ni ne akanta, ni na fitar da kuɗin, kuma raina bai so ba.

Wajen ƙarfe 11 aka raba mana ƙananan takardun nan masu danƙo da manyan alƙaluma, aka ce kowa ya zana hanyar da oda ke bi tun daga kiran mai shago har kaya su sauka a ƙofarsa. Ba rubutu, ba magana, kowane mataki da takardarsa, minti 10. Na yi takarda biyar, manaja ya yi huɗu. Direbanmu kuwa, dattijon da ya shekara tara tare da mu, wanda a taro ba ya wuce "to, ranka ya daɗe", sai da ya liƙa goma sha ɗaya. A tsakiyar jerinsa akwai takardu uku iri ɗaya: mota a tsaye, rana a samanta, kowace rana ta fi ta baya gangarowa.

Mai bitar ta ce, "Baba, waɗannan fa?" Ya ce, "Hajiya, nan nake wuni."

Ɗakin ya yi tsit. Ashe takardar fitar da kaya sai ta jira sa hannu uku, nawa da na mai sito da na manaja, manaja kuma sau da yawa yana banki ko Kasuwar Singa. Mota an loda ta tun safe, ba ta tashi sai bayan la'asar. Kafin direban ya kai Haɗeja dare ya yi, an rufe shago, ya kwana a mota. Mu kuma shekara da shekaru muna cewa direbobi ke jinkiri. Wallahi abin ya taɓa ni. A taronmu na Litinin babba ne ke fara magana, sauran su bi. A bango kuwa takardar kowa girmanta ɗaya, kuma an liƙa kafin a ji ra'ayin oga. Aka ba kowa ɗigo uku ya manna a kan matsalar da ta fi damunsa, motar Baba ta kwashe kusan duka. Yanzu sa hannu biyu ne, mota na fita kafin azahar.

Da a nan aka tsaya, da na ce kowa ya ɗauko su. Amma bayan cin abinci suka kawo wasan hasumiya: sandar taliya 20, salatif yadi ɗaya, zare yadi ɗaya, da alewar mashmalo da za a ɗora a ƙoli cikin minti 18. Wasan sananne ne, Tom Wujec ya yi jawabi a kansa a taron jawabai na TED a 2010, inda ya nuna 'yan nazire kan kayar da waɗanda suka gama karatun kasuwanci, don yara suna gwadawa suna gyarawa tun farko. Darasin na da kyau. Sai dai ga mutanen da ke sayar da taliya suna ganin yadda magidanci ke ƙirga kuɗinta, ka sa su kakkarya ta, a share a zuba a shara? Mai sito ya ƙi taɓawa. Da wata abokiyar aikinmu ta tambayi ko da kitsen wace dabba aka haɗa alewar, babu wanda ya duba ledar kafin ya kawo. Sallar azahar ma sai da muka tuna musu, ba ta cikin jadawali. Rabin bayanin da Turanci aka yi, ina fassara wa masu lodi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne alkawari. Sun ce cikin mako guda za su turo hotunan bangon da rahoto, yana cikin kuɗin. Takardun masu arha ne, fanka ta zubar da rabinsu kafin a tashi. Ba don na ɗauki jerin Baba da wayata ba, da babu abin da za mu koma mu duba. Na tura saƙo sau huɗu, ana ce min "gobe in sha Allahu". Jiya na sake kira, ba a ɗauka ba.