Kumburin tsokar zuciya da ciwon zuciyar jego, ɗaya ne ko daban?

Assalamu alaikum. Malam na ga tambayarka tun daren jiya, bari in maimaita ta saboda waɗanda ba su gani ba. Ƙanenshi saurayi ne mai buga ƙwallo, ya yi mura da zazzaɓi, bayan ya ji sauƙi sai ciwon ƙirji da haki sunka taso mishi, likita ya ce kumburin tsokar zuciya ne, wanda su ke kira mayokadaitis. Maiɗakinshi kuma bara ta yi ciwon zuciya bayan haihuwa, har yanzu akwai sauran maganinta a gida. Shine yake tambaya ciwo ɗaya ne? A ba yaron nata maganin? Kuma yaushe zai koma fili?

Don Allah Malam kada a ba shi. Na san mi ya sa ka ga kamar abu ɗaya ne, don dukansu zuciya ce ke rasa ƙarfin tura jini, sai haki, kasala, kumburin ƙafa, mutum ya kasa kwanciya sai da filo biyu ko uku, kuma ko magungunan ma wasu iri ɗaya ne. Amma mafarinsu daban, abin tsoro ga kowane ma daban.

Na ƙanenka yawanci ƙwayar bairos ce, irin ta mura ko gudawa ko ma korona, ta wuce amma faɗan da garkuwar jiki ta yi da ita ya bar kumburi cikin naman zuciya, shi ya sa yakan biyo bayan zazzaɓi da kwanaki ko makonni kuma ya fi kama samari maza. Mu nan arewa akwai wata hanya da bai kamata a manta ba, mashaƙo, wanda ya ɓarke tun ƙarshen 2022 ya fi yi wa Kano ɓarna, dafin ƙwayar shina taɓa zuciya bayan maƙogwaro ya fara lafawa, yara da yawa ta nan ake rasa su, don haka rigakafin Penta, mai kare yara daga mashaƙo, ba wasa ba ne. Na Hajiya maiɗakinka kuwa da ciki yake zuwa, daga ƙarshen goyon ciki zuwa watannin farko bayan haihuwa, a katinta wataƙila ka ga an rubuta PPCM, wato ciwon zuciyar jego a taƙaicen Turanci. Wanga ciwo kusan namu ne, wani bincike da anka yi nan asibitin koyarwa na Danfodiyo a Sakkwato aka buga a 2007 ya samu mace 1 cikin haihuwa 102, alhali a Amurka sai an yi haihuwa dubbai kafin a samu ɗaya. Likitocin Zariya tun shekarun 1970 sun ɗora laifin kan wankan jego da kwanciyar gadon wuta da kunun kanwa, binciken baya-bayan nan ya fi karkata ga talauci da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam da hawan jinin ciki. Ko ma wane ne, kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, mai rauni a zuciya ba ta da haɗi da ita.

Gwaji kusan ɗaya ne, ECG mai auna bugun zuciya da hoton zuciya da ake ce ma eko, shi eko shi ke faɗin kashi nawa na jini zuciya ke turawa a bugu ɗaya, mai lafiya sama da 50 cikin 100, ciwon jego ana kama shi in ya sauka ƙasa da 45. Ga yaron ana ƙarawa da gwajin jini na tiroponin da ke nuna naman zuciya ya ji rauni, in hali ya yi kuma a yi hoton MRI. Ka riƙe wannan lambar ta eko ta kowane ɗayansu, ka rubuta ta, da ita za ka gane ana ci gaba ko a'a.

To ga inda hanya ta rabu sosai. Ƙanenka babban maganinshi hutu ne, kuma shine mafi wuya ga saurayi. Mafi yawa ba su da wani maganin kashe bairos ɗin, jiki ke gyara kanshi, likita dai shina tallafa ma zuciyar in ta yi rauni. Ƙafa in ta yi targaɗe sai a ɗaure a ajiye ta, zuciya ba ta ajiyuwa, tana bugawa kusan sau dubu ɗari a yini, iyakar abin da za a yi mata shine kada a ƙara mata kaya. Ƙa'idar likitocin zuciya ita ce wata 3 zuwa 6 ba ƙwallo, ba gudu, ba ɗaga ƙarfe, ni zan ƙara da cewa ba noma ba dakon buhu ba turin kurar ruwa, don zuciya ba ta san bambancin wasa da aiki ba. Matsalar ita ce bayan mako biyu ko uku zai ji garas, ciwon ƙirji ya tahi, abokai na kiranshi ana neman mai buga gaba, alhali kumburin na nan kuma shi ke rikita wutar da ke tafiyar da bugun zuciya, mutum ya yanke jiki ya faɗi tsakiyar fili, wanga ciwo shina cikin sanannun dalilan mutuwar farat ɗaya ga matasa 'yan wasa. Ba kwanciya anka ce ya yi kamar gawa ba, zuwa masallaci da yawo a hankali cikin gida ba laifi in likita ya yarda. Kafin ya koma sai an sake eko da tiroponin, a ɗaura mishi na'urar da ke bin bugun zuciya na awa 24, a gwada shi a kan injin tafiya, likita ya ce je ka. Kuma ku hana shi sayen maganin ciwon jiki a kemis, irin ibufurofen da daikulofenak, suna riƙe ruwa da gishiri suna wahal da ƙoda, in likita bai rubuta ba a bar su. Sigari da shisha ma haka. Labari mai daɗi shine galibin masu irin nashi suna warkewa sarai, kaɗan ne zuciyar ke buɗewa ta saki har su daɗe kan magani.

Ita Hajiya kuwa, Malam ka yi min haƙuri, abin da ya tsaya min a rai cikin tambayarka shine maganinta ya yi saura. Mi ya sa? Likita ya ce ta daina ko kumburi ya saɓe ne kunka ajiye? Lasix ruwa yake cirewa kawai, shi ya sa ake jin sauƙi nan take, amma masu gyaran zuciyar su ne irin su kabedilol da enalafiril da sifironolakton, su kuma a hankali suke aiki, wasu matan cikin wata shida zuciyar ke dawowa, wasu sai shekara biyu, wasu ba ta dawowa duka. Ko eko ya nuna ta dawo ba a yanke su rana ɗaya, likita ke ragewa shina duba ta. Abin tsoro gare ta ba gudu ba ne, ciki na gaba ne. In lambar eko ba ta kai 50 ba likitoci na hana sake ɗaukar ciki don ciwon na dawowa da ƙarfi har a rasa uwa, ko ta kai ma sai da shawara da awo kurkusa. Sannan enalafiril da lisinofiril na cutar da ɗan tayi, don haka maganar tazarar haihuwa da kai za a yi ta, kada ka bar mata ita kaɗai gaban dangi. Jini ma yakan daskare cikin zuciyar da ta yi rauni ya tahi kai ya kawo shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa ake ba wasu maganin tsinka jini.

Ka ga dalilin da na ce kada a ba shi nata. Yaron wataƙila ƙarfin zuciyarshi lafiya lau, ka ba shi Lasix cikin zafin Sakkwato da ke wuce digiri 40 a bazara jininshi ya faɗi ƙoda ta taɓu, ko kuma bugunshi ya riga ya yi ƙasa saboda kumburin ka ƙara mishi kabedilol. Maganar azumi ma kowane ya tambayi likitanshi daban.

Ka kai su biyun asibitin masu zuciya, shi a ranar da anka ba shi, ita kuma a sake mata eko ka tafi da kwalayen da sunka rage likita ya gani. In ɗayansu ya suma, ko haki ya kama shi yana zaune, ko zuciya ta riƙa bugawa da sauri ba tsari, ko ƙafa ta fara kumburi, kada a jira ranar, ko tsakar dare ne a nufi asibiti. Allah shi ba su lafiya.