Arabika da Robusta: yadda suka bambanta a baki da kuma wadda ta dace da kai

Malam, ka tambaya ko akwai bambanci na haƙiƙa tsakanin gahawar Arabika da ta Robusta, ko kuwa rubutun "Arabika zalla" da ake bugawa a jikin leda dabarar 'yan kasuwa ce kawai, sannan ka nemi a faɗa maka wadda ta fi. Bambancin yana nan, harshe ma yana iya kama shi tun a kurɓar farko. Sai dai rubutun jikin leda bai isa shaida a kan inganci ba, kuma wadda za ta fi maka daɗi ta dogara ne da yadda kake shan gahawarka.

Tun daga gona suka rabu. Arabika asalinta tsaunukan kudu maso yammacin Habasha ne, daga can ta tsallaka Yaman, inda aka riƙa noma ta ana sha tun a ƙarni na 15, ana kuma fitar da ita ta tashar jiragen ruwa ta Mokha. Tana son tudu mai tsawon mita 1,000 zuwa 2,000 da yanayi mai sanyi-sanyi, kuma ba ta jure cuta. Robusta kuwa 'yar dazuzzukan tsakiya da yammacin Afirka ce, tana yi a ƙasa mai zafi da laima, tana ba da yabanya mai yawa, tana kuma jure tsatsar ganye, cutar da ta ɓulla a gonakin Silan, wato Siri Lanka ta yau, a 1869, ta durƙusar da noman gahawa har manoman can suka koma shayi. Wannan juriya ce ta buɗe wa Robusta hanya zuwa Asiya. A yau Barazil ce kan gaba a noman gahawa baki ɗaya, Biyetnam na biye da ita, kuma Biyetnam ɗin ce ta fi kowace ƙasa noman Robusta. Arabika ta ɗan haura rabin abin da duniya ke nomawa.

Dalilin da ya sa na kawo zancen tudu shi ne a wuri mai sanyi 'ya'yan gahawa ba sa saurin nuna, kuma wannan jinkiri yana ba ƙwayar damar tara sukari da sinadaran da ke zama ƙamshi bayan an soya ta. Ƙwayar Arabika ta fi ta Robusta sukari da maiƙo nesa ba kusa ba. Robusta kuma ta fi ta sinadarin kafeyin, wanda ke kore barci: kimanin kashi 2.2 zuwa 2.7 cikin ɗari na nauyin ƙwayar, alhali na Arabika bai cika wuce 1.2 zuwa 1.5 ba. Ko da ido ana rarrabe su, domin ƙwayar Arabika doguwa ce mai tsaga a karkace, ta Robusta kuwa ƙarama ce, ta fi zagaye, tsagarta a miƙe.

A baki ne maganar take da faɗi. Arabika mai kyau, wadda ba a ƙona ta wurin suya ba, tana zuwa da ɗan tsami mai tsabta irin na 'ya'yan itace, wanda ke bayyana a gefen harshe ya wuce, ya bar zaƙi mara nauyi a bayansa. Mutane da yawa da suka saba da gahawar gwangwani suna jin wannan tsamin su zaci ta lalace, alhali shi ne abin da masu ɗanɗano ke nema. Ta yankin Yirgacefe a Habasha ta shahara da ƙamshin fure da na ɓawon lemo, ta Kenya tsaminta ya fi kaifi, ta Barazil kuwa, da yake gonakinta ba su kai waɗancan tudu ba, tsaminta kaɗan ne, ta fi karkata ga garɗin gyaɗa da cakulan. Ka ga ke nan Arabika ba ɗanɗano ɗaya ba ce, kuma wannan yalwar ce babbar falalarta a wurina. Akwai kuma alamar da ba ta cika yin ƙarya ba: Arabika mai inganci tana ƙara daɗi yayin da take hucewa, mara inganci kuwa da ta huce sai aibinta ya fito fili.

Robusta ba ta da wannan tsamin sai kaɗan. Tana cika baki da kauri, ɗacinta yana zama a bayan harshe ya daɗe, wani lokaci da bauri, kuma ƙamshinta ya fi kusa da na soyayyen hatsi, ko itace, ko baƙin cakulan. Wadda ba a kula da ita ba takan yi warin roba ko na ƙasa, kuma irin wannan ce ta ɓata mata suna. A ganina an ɗora wa Robusta laifin da rabinsa na sarrafawa ne, domin shekara da shekaru ana tsinke ta nunanna da ɗanya a haɗe, a shanya ta yadda aka ga dama, tunda an san kamfanonin gahawar gari mai narkewa za a kai wa, su kuwa araha suke nema. Inda manoma suka tsinci nunannu kaɗai suka busar da su da kyau, kamar yadda wasu ke yi yanzu a Yuganda da Indiya da Biyetnam, ana samun Robusta mai tsabtar ɗanɗano wadda za a iya sha ba sukari. Duk da haka, ko mafi kyawunta ba ta kai Arabika yawan launukan ƙamshi ba.

Inda Robusta ke cin nasara shi ne idan madara da sukari suka shigo. Madara tana danne tsami da ƙamshin furen Arabika har a rasa abin da aka biya kuɗi dominsa, amma ɗacin Robusta yana ratsa madarar ya tsaya da ƙafarsa. Shi ya sa mutanen Biyetnam ke tsiyaye ta a hankali ta wata 'yar matata ta ƙarfe a kan madarar gwangwani mai zaƙi, kuma shi ya sa masu haɗa esfireso (gahawa mai kauri da ake tacewa da matsin na'ura) a kudancin Italiya ke sanya wani kaso nata a cikin Arabika, domin tana ƙara kauri da kumfar nan mai ruwan ƙasa da ke taruwa a saman kofi.

Idan kana son ka tabbatar da kanka, bi hanyar da masu tantance gahawa ke bi, ba ta buƙatar na'ura. Ka nemi irin biyu masu suya ɗaya, domin idan ɗaya ta soyu baƙi ƙirin ɗaya kuma sama-sama, suyar za ka kwatanta, ba irin ba. Wannan sharaɗin ya fi sauran muhimmanci, saboda yawancin ɗacin gahawa daga suya yake fitowa, kafeyin kaɗan yake bayarwa, kuma Arabikar da aka ƙona tana iya fin Robusta mai matsakaiciyar suya ɗaci. Ka niƙa su ɓarzo-ɓarzo daf da lokacin haɗawa, ka zuba kimanin giram 8 na kowacce a kofinta, ka sansana garin tun yana busasshe. Sannan ka zuba ruwa mililita 150 wanda ya tafasa ya ɗan sarara, wajen digiri 93, ka bar shi minti huɗu. Garin zai taso ya yi ɓawo a sama. Ka fasa shi da cokali hancinka na kusa, domin a wannan lokacin ne ƙamshi ke fita gaba ɗaya. Ka kwashe abin da ya rage a sama, ka jira ta ɗan huce, ka ɗebo da cokali ka zuƙa da ƙarfi yadda za ta watsu a duk bakin. Ƙarar zuƙar ba ta da daɗin ji, amma haka masu sana'ar suke yi. Ka kurkure baki da ruwa tsakanin kofi da kofi, kuma ka sake ɗanɗanawa bayan sun yi sanyi. Idan akwai wanda zai sauya wa kofunan wuri ba ka gani ba, ya fi, don kada sunan da ka riga ka sani ya yi maka hukunci.

Game da rubutun leda, "Arabika zalla" yana faɗa maka irin ne kawai. Ma'aunin da masu tantancewa suka saba amfani da shi na maki 100 ne, kuma sai gahawa ta sami 80 ake lissafa ta cikin zaɓaɓɓu. Arabika mai yawa da ke kasuwa ba ta kai nan ba. Abin da ya fi amfani ka duba shi ne ranar da aka soya ta, da ƙasa ko yankin da aka noma ta, da yadda aka sarrafa ta: wadda aka wanke tana fitowa da tsami mai tsabta, wadda aka shanya da ɓawonta kuwa ta fi zaƙi da ƙamshin nunannun 'ya'yan itace.

Saboda haka, Malam, idan baƙa kake sha, ba madara, sukari kaɗan ko babu, nemi Arabika mai matsakaiciyar suya wadda ba ta daɗe da soyuwa ba. Idan da madara da sukari kake sha, ko kuma ƙarfinta kake buƙata don aikin dare, Robusta mai kyau ko haɗin biyun zai fi gamsar da kai, kuma yawanci ya fi sauƙin kuɗi. Sai dai ka riƙa lissafa kofunan, tunda kafeyin Robusta ya kusa ninka na Arabika: hukumomin lafiya na Amurka da Turai sun sanya kimanin miligiram 400 a rana a matsayin iyaka ga baligi mai lafiya, mai juna biyu kuwa ana shawartar ta kada ta wuce 200.