An ce cikakkiyar Odisi ce, ashe an kwance ginin waƙar

A bangon littafin an rubuta cewa cikakkiyar fassarar Odisi ce, waƙar Homa, mawaƙin Girkawan dā, cikin zuben Turanci mai sauƙi. Wannan kalma ta "cikakkiya" ita ta sa na saya. Shafin farko kawai ya isa ya nuna cewa ba haka ba ne. Bugun ya buɗe da dokin katako da ƙonewar birnin Tiroy, sannan ya ɗora jarumin, Odisiyus, a jirgi ya bi shi tsibiri bayan tsibiri har gidansa Itaka. Wato an kwance waƙar an sake jera ta bisa abin da ya riga faruwa, kuma babu inda aka faɗa wa mai saye, ko a gabatarwa ko a bayan bango.

Duk wanda ya san waƙar ya san ba haka Homa ya gina ta ba. Babi 24 ne, ɗango sama da 12,000, kuma jarumin ba ya bayyana da kansa sai a babi na 5. Babi huɗu na farko na ɗansa Telemakus ne. A nan ake ganin gidan da maigida ya bari shekara 20, goma a yaƙi goma a hanya, manema aure sun mamaye shi suna yanka dabbobinsa suna shanye giyarsa, matarsa Penelofi tana saƙa likkafanin surukinta da rana tana warwarewa da dare har shekara uku don ta ja lokaci. Yaron ya tafi Filos wurin tsoho Nesta, ya wuce Sifarta wurin Menelawus da Helen, yana neman labarin uban da bai sani ba. Mai karatu sai ya ji ƙishin mutumin kafin ya gan shi zaune a bakin teku a tsibirin Kalifso, allahiyar da ta tsare shi, yana kuka. Wannan bugu ya matse babi huɗun nan cikin 'yan shafuka, ya cusa su a tsakiyar littafi. Labarin Agamemnon, jagoran rundunar Girkawa a Tiroy, wanda ya dawo gida daga yaƙin nan aka kashe shi, wanda waƙar ke ta maimaitawa don a ji tsoron abin da ke jiran Odisiyus, ya ɓace gaba ɗaya.

Amma ɓarnar da ta fi ci mini rai tana babi na 9 zuwa na 12. Duk abubuwan da mutane suka fi sani, ƙato mai ido ɗaya, jakar iska, matsafiya Sirsi da ta mai da mutane aladu, ziyarar ƙasar matattu, mawaƙan teku masu halaka matuƙa, a asalin waƙar Odisiyus ne ke ba da labarinsu da bakinsa, a fadar sarki Alkinawus, cikin dare ɗaya. Yadda aka zo wurin ma abin lura ne: makaho mawaƙin fada, Demodokus, ya rera waƙar Tiroy, baƙon ya rufe kansa da mayafi yana hawaye, sarki ya lura ya tambaye shi sunansa. Sai a farkon babi na 9 ya faɗi ko shi wane ne. Wannan bugu ya mayar da "na yi" ya koma "ya yi", kuma da wannan kaɗai an yi asarar abu biyu.

Na farko, amsa laifi. A kogon Folifimus, ƙaton nan mai ido ɗaya, mutanen Odisiyus sun roƙe shi su kwashi cuku da 'yan raguna su gudu kafin mai kogon ya dawo, ya ƙi, kuma shi da kansa yake cewa da ya saurare su da ya fi. Mutum shida aka cinye a kogon. Bayan ya yaudari ƙaton da cewa sunansa Ba-kowa, ya tsiyaye masa ido, suka fice a ƙarƙashin cikin raguna, girman kai ya sa ya ɗaga murya daga jirgi ya faɗi sunansa na gaskiya, ƙaton ya kai ƙara wurin ubansa Fosaidon, mai mulkin teku a imanin Girkawa. Idan mutumin da ya fita da jirage 12 ya rasa su duka yake faɗin wannan da bakinsa, nauyinsa daban ne. A bakin mai ba da labari na gefe, tatsuniya ce kawai.

Na biyu, shakka. Odisiyus gwanin shirya zance ne. Yana sauka Itaka ya ƙaga wa allahiya Atina labarin cewa shi mutumin Kirit ne, ya ƙaga wa makiyayin aladunsa Yumayus wani, ya ƙaga wa matarsa wani. Kuma a fadar nan yana magana ne ga mutanen da yake bukatar jirginsu da kyautarsu. A tsakiyar babi na 11 ma yakan dakata ya ce lokacin barci ya yi, sarauniya ta yi maganar ƙara masa kyauta, sarki ya roƙe shi ya ci gaba. Wannan dakatawa babu ita a bugun, don babu inda za a sa ta bayan an cire fadar daga labarin.

Gaskiya, da na kai rabi na biyu na ɗan huce. Daga saukarsa Itaka tsarin asali da na wannan bugu sun haɗu, kuma mai fassarar ya iya zube. Tsohon kare Agos, kwance a kan juji kaska ta cika shi, ya gane ubangijinsa cikin shigar mabaraci, ya kaɗa wutsiya ya sauke kunnuwa ya mutu, an kawo shi ba tare da ƙarin gishiri ba. Gasar harba kibiya ta cikin gatura 12 ta fito sarai, haka ma jarrabawar gado a babi na 23, inda Penelofi ta ce a fitar da gadon waje, shi kuwa ya fusata don ya san ƙafa ɗaya kututturen zaitun ne mai rai da ya gina ɗakin a kewayensa. Taswirar da ke gaba ma tana da amfani. A nan na yi niyyar cewa littafin ya isa ga mai son ya san labarin kawai.

Sai na koma babi na 19 don in duba wurin tabo, raina ya sake ɓaci. Tsohuwa Yurikiliya, wadda ta rene shi, tana wanke wa Odisiyus ƙafa yana cikin shigar baƙo, hannunta ya taɓa tabon cinyarsa. A daidai nan Homa ya tsayar da komai ya yi waiwaye na ɗango sama da 70: yadda kakansa Otolikus ya raɗa masa suna, yadda gadu ya yage shi a farauta a dutsen Fanasus, sannan ya dawo ga ƙafar da ta faɗa cikin tasa ruwan ya zube. Bugun ya rage wannan zuwa jimla biyu. Kirarin ma an kankare shi. Asuba mai jajayen yatsu, Odisiyus mai yawan dabaru, Telemakus mai hankali, duk an ɗauke su maimaici ne. Alhali duk wanda ya saurari makaɗan fada ya san kirari ba cikon baki ba ne. Waƙar baka ce mai ƙafa shida, wato ma'aunin kari shida, a kowane ɗango, kuma da waɗannan kirarai mawaƙi ke cika kari yana tsara waƙa a gaban jama'a. Binciken Milman Parry a kan mawaƙan baka na Yugoslabiya a shekarun 1930 shi ya fito da wannan fili.

Babi na 24 kuma an yanke shi ɗungurungum. Na san wasu malaman Iskandariyya na dā sun ɗauki ɗango na 296 na babi na 23 a matsayin ƙarshe, amma wanda ya zaɓi wannan ra'ayi sai ya faɗa, kada ya rubuta "cikakkiya". Babu haɗuwarsa da tsohon ubansa Layatis a gona, inda ya lissafa itatuwan da uban ya ba shi yana yaro, tuffa 10, ɓaure 40, layin inabi 50. Babu dangin manema 108 da aka kashe sun taso neman fansa har Atina ta raba. Littafin ya ƙare kamar kisan nan bai bar baya da ƙura ba.

Kuma babu lambar ɗango a gefen shafi, saboda haka ɗalibin da aka ce ya duba babi kaza ɗango kaza ba zai same shi ba. Na janye abin da na yi niyyar cewa, ko ga mai son labari kawai ban ba da shawarar wannan bugu ba. Kafin ka biya kuɗin kowane bugu, buɗe shafin farko ka ga ko ya fara da roƙon mawaƙi da taron allolin Girkawa, ƙirga babi ka ga 24, buɗe na 9 ka ga ko "ni" ake cewa, sannan ka duba gefen shafi ko akwai lambobi.